Turare, Batir da Fenti: Kurakuran Masu Aika Kaya Daga Abuja

Wata Hajiya mai sayar da turare a kasuwar Wuse ta taɓa kawo mana kwali biyu, za a kai wa 'yarta a Ingila. A takardar kaya ta sa an rubuta "kayan kwalliya". Da muka buɗe, sai ga kwalaben turaren fesawa sun fi hamsin, an naɗe su da zannuwa. Na ce, "Hajiya, wannan ba zai hau jirgi a haka ba." Ta ce, "Ɗana, turare ne fa, ba fetur ba." Na fahimce ta sarai, amma a dokar sufuri turare mai sinadarin barasa ajinsu ɗaya da fetur: aji na 3, ruwa mai saurin kama wuta. Lambar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba turare ita ce UN1266, ta fetur UN1203, fenti kuma UN1263.

Kuskure na farko ke nan, auna haɗarin abu da yadda muka saba da shi a gida. Majalisar Ɗinkin Duniya ta kasa kaya masu haɗari aji 9, kuma da yawansu suna kan madubin ɗakinmu ko a kicin. Maganin sauro na gwangwani yana aji na 2, ajin iskar gas. Gyaran mai sauƙi ne: ka nemi takardar bayanin haɗarin kayan, wadda 'yan sana'a ke kira SDS, daga wanda ya sayar maka. Sashe na 14 shi ke faɗin lamba da ajin abin.

Wanda ya fi damuna shi ne yadda mutane suka ɗauki rangwame. Gaskiya ne doka ta sassauta wa kaya kaɗan, amma sassauci da sharaɗinsa yake zuwa. Kowace kwalba tana da iyakar abin da za ta ɗauka, dole a yi mata makari yadda ba za ta fashe ko ta yoyo ba, kuma nauyin kwalin gaba ɗaya kada ya wuce kilo 30. Sai a manna alamar nan mai kusurwa huɗu, baƙi sama da ƙasa. In ta jirgin sama ne, da harafin Y a tsakiyarta, kuma duk da haka sai mai aikawa ya cike takardar shelar kaya masu haɗari, mai jan zane a gefe, ya sa hannu. Bayan duk wannan, kamfanin jirgi na da ikon cewa ba zai ɗauka ba. Saboda haka a tambaya tun kafin a ɗaure kaya, kada a bari sai an isa filin jirgin Nnamdi Azikiwe.

Wasu kuma suna cakuɗa rangwamen fasinja da na kayan kasuwa. Matafiyi zai iya sa turare da man fesawa na amfanin kansa a akwatinsa, jimilla lita 2, kowane ɗaya bai wuce rabin lita ba. Wannan bai shafi mai aika kwali ba ko kaɗan.

Sai batirin litiyam, inda 'yan uwanmu masu sayar da wayoyi a kasuwar Banex suka fi tuntuɓe. Batir a cikin waya ko kwamfuta UN3481 ne. Batir shi kaɗai UN3480 ne, kuma fawa banki nan ya faɗa, komai kyan murfinsa. Tun 1 ga Afrilu 2016 hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta hana ɗora irin wannan a matsayin kaya a jirgin fasinja. Sai jirgin ɗaukar kaya zalla, kuma cajinsa kada ya haura kashi 30 cikin 100. Ba don a kuntata wa kowa aka yi haka ba. A watan Satumba 2010 jirgin kaya na kamfanin aika saƙo UPS ya faɗi a Dubai bayan wuta ta tashi a cikin kayan da ke ɗauke da tarin batura, matuƙansa biyu suka rasu. Batir da ya kumbura ko ya fashe kuwa, babu jirgin da ya halatta ya hau.

In da kanka za ka yi tafiya, fawa banki a jakar hannu yake zama. Ka yi lissafi: ana auna ƙarfin batir da wat-awa, kuma wanda aka rubuta 20,000mAh a jikinsa wajen wat-awa 74 ne, an yarda da shi, mai 30,000mAh kuwa ya kai 111, ya haura iyakar 100, sai da izinin kamfanin jirgi.

Mafi muni shi ne ɓoyewa da gangan, a rubuta "kayan gyara" don a rage kuɗi. Alhaki yana wuyan mai aikawa, kuma hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, tana hukunta wannan. Amma ni matuƙi da fasinjojin da ba su san me ke ƙarƙashin ƙafarsu ba nake tunawa.

A mota ma haka ne. Mai kai saƙo tashar Jabi ko Utako don a wuce da shi Jos, ya gaya wa direba gaskiyar abin da ke ciki. Garin kulorin na tsabtace ruwa in ya haɗu da man birki wuta yake tayarwa, kuma a but ɗin mota su biyun kan iya zama kafaɗa da kafaɗa. Direban da ya sani zai raba su, ya ajiye tukunyar gas a tsaye inda iska ke shiga.