Darasi na 7: Motsa Jiki da Zumunci a Lokacin Tsufa

A gidaje da yawa, da zarar furfura ta rufe kan mahaifi sai 'ya'ya su ce, "Baba, ka huta haka nan, mu za mu yi." Su karɓe fartanya, su karɓe cefane, har butar alwala sai jika ya kawo. Lada suke nema, Allah ya ba su. Amma shekara ɗaya ko biyu, sai ka ga Baba ba ya iya tashi daga tabarma sai an kama shi. Naman jikin da ba a sa shi aiki raguwa yake yi, gwiwa kuma ta ƙage. Haka yake faruwa da ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya yana da shekara 60, ya dawo gida ya rungumi rediyo daga safe har dare.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum, har wanda ya haura shekara 65, ya motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Kada adadin ya ba ka tsoro. Minti 30 ne a rana, kwana 5. Ba a ce ka sa kayan ƙwallo ka shiga fili ba. Tafiya ce da ɗan sauri, yadda numfashinka zai ƙaru amma kana iya hira da abokin tafiyarka. Idan tsakaninka da masallaci tafiyar minti 3 ce, zuwa da dawowa sau 5 ya ba ka minti 30 cif. To me ya sa jika zai riƙa ɗaukar ka a babur?

Inna da ke cikin gida ita ma tana da nata: shara, tankaɗe, kai wa awaki harawa, ban ruwan zogale, zagaya tsakar gida bayan la'asar. Surukar da ta ce, "Inna, kawo tsintsiyar," a gode mata, amma a bar wa Inna ƙofar ɗakinta ta share da kanta.

Faɗuwa ita ce babbar abokiyar gabar tsoho. Ƙashin ƙugu idan ya karye a wannan shekaru, da wuya mutum ya koma yadda yake. Saboda haka kwana 3 a mako a yi waɗannan biyu. Na farko, zauna a kujera mai ƙwari, ka miƙe, ka koma, har sau 10. Na biyu, dafa bango, ka ɗaga ƙafa ɗaya, ka ƙirga 10, ka sauya. A kankare gansakukar banɗaki. A jefar da silifas ɗin da ƙasansa ya suɗe. A ajiye tocila kusa da shimfiɗa saboda fitar dare. Wanda ya ji jiri ko ciwon ƙirji yana cikin motsa jiki, ya tsaya, ya je asibiti.

Hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo. Mutum yana jin garau, rana ɗaya a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. A riƙa zuwa awo. Idan awon ya kai 140/90 ko ya wuce, kuma aka maimaita aka ga haka, sai a bi maganar likita. Kuskuren da aka fi yi shi ne ajiye magani don an ji sauƙi. Gishiri kuwa kada ya kai gram 5 a rana, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya. Daddawa na ba da ɗanɗano, iyayenmu da ita suka tashi.

Akwai tsofaffin da suka daina fita ba don ƙafa ba, sai don ido. Yanar ido ta hana su gane fuskar mai gaishe su, kunya ta sa suka zauna a ɗaki. Yanar ido kuwa ana cire ta da ɗan ƙaramin aiki a asibitin ido, irin Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Kada a yarda wani ya soki idon tsoho da allura a zaure.

Hausawa suka ce zumunci a ƙafa yake. Tsohon da ke zuwa majalisa, ya je suna, ya je ta'aziyya, ya leƙa mara lafiya, ya yi tafiyarsa ta ranar kuma ya sami wanda zai ce, "Alhaji, jiya ba mu gan ka ba, lafiya?" Wannan tambayar kan ceci rai, domin abokan zama su ke fara lura idan mutum ya rame ko magana ta fara kuɓuce masa. Wadda ta fi shiga kaɗaici ita ce tsohuwar da ta fita takaba. Wata 4 da kwana 10 gida cike da masu gaisuwa, daga nan kowa ya kama gabansa. A sa ta a Islamiyya, a ba ta riƙon adashe, ko a kawo ta ajin nan namu ta zauna kusa da sa'o'inta.

Aikin yi

1. Raba minti 150 zuwa kwana 5. Rubuta amsar.
2. Kwafi waɗannan kalmomi sau 3: ƙafa, gwiwa, gishiri, zumunci.
3. Rubuta sunan wani tsoho ko tsohuwa a unguwarku da aka daɗe ba a gani a waje ba. Ka je gaishe shi kafin Juma'a, ka zo ka faɗa wa aji yadda ka same shi.