Yadda ake gyara mai duba rubutu a Outlook idan ya daina aiki

Ƙorafi iri biyu ne ake yawan yi kan mai duba kuskuren rubutu a Outlook, manhajar imel ta Microsoft, na kwamfuta mai Windows. Ko dai jan layin da ke fitowa ƙarƙashin kalmar da aka rubuta ba daidai ba ya ɓace gaba ɗaya, ko kuma ya mamaye saƙon har da kalmomin da ba su da laifi. Galibi tushensu ɗaya ne, wato saitin harshe. Don haka kada ka yi gaggawar goge manhajar ka sake sakawa. Data da lokacinka ne za su tafi, kuma matsalar takan dawo, domin saitin yana ajiye ne a bayanan asusunka na Windows. Wannan bayani na Outlook ne wanda ke zuwa tare da Word da Excel a Office 2016, 2019, 2021 da Microsoft 365.

Fara da gwaji. Buɗe sabon saƙo, ka rubuta kalma da kuskure da gangan, kamar recieve, ka bar sarari, sannan ka danna F7. Idan F7 ya kama kuskuren amma jan layi bai fito ba, ƙamus lafiyarsa ƙalau, galibi dubawa yayin rubutu ce kawai aka kashe. Shiga File, sai Options, sai Mail, ka danna Spelling and Autocorrect, ka sa alama a akwatin Check spelling as you type. A shafin Mail ɗin kuma akwai Always check spelling before sending, wanda ke sa Outlook ya tsaya ya duba kafin saƙo ya tafi. Duk mai aika wasiƙar ofis ya kamata ya kunna shi.

Idan kuwa F7 ya ce ya gama dubawa bai ga komai ba, to nan ne ainihin aikin yake. A Outlook, harshe yana manne da rubutun ne kamar yadda launi ko girman harafi ke manne da shi. Shi ya sa idan ka kwafo sakin layi daga wata takarda, yakan zo da harshensa, wani lokaci har da umarnin cewa kada a duba shi. Danna cikin jikin saƙon, ka danna Ctrl da A domin zaɓar duka, ka shiga Review, sai Language, sai Set Proofing Language. Cire alamar da ke akwatin Do not check spelling or grammar, ka zaɓi harshen da kake so, ka danna Set As Default. Kada ka tsallake zaɓar duka rubutun, in ba haka ba kalmar da kake kanta kaɗai za ta gyaru.

A wannan tagar ka lura da abu biyu. Harshen da aka saka ƙamusunsa yana da ƙaramar alamar ABC a gefensa. Wanda ba shi da ita, ko ka zaɓe shi ba abin da za a duba, sai ka koma File, Options, Language ka sauke ƙamusun. Sannan Turancin Amurka daban, na Ingila daban. Ofisoshi da makarantun Najeriya da Gana suna bin rubutun Ingila, don haka idan kwamfutarka tana kan na Amurka za ta ja layi ƙarƙashin colour da honourable alhali daidai suke. Mai aiki a Nijar shi ma ya tabbatar ƙamus na Faransanci yana ciki. Akwatin Detect language automatically kuwa, cire alamarsa ya fi alheri ga wanda ke haɗa Hausa da Turanci a saƙo ɗaya, domin cankensa yakan kuskure.

Akwai wani tarko da ke ruɗa har ƙwararru, shi ne sa hannun (Signature), wato suna da bayanan mai aikawa da ke fitowa da kansu a ƙasan saƙo. Outlook ba ya duba abin da aka rubuta a yankin sa hannu. Idan an bar layukan da ba komai a saman sa hannun, mutum yakan fara rubutu a cikinsu bai sani ba. Gane shi ba wuya: danna dama a kan kalmar, idan jerin sa hannu ya fito maimakon shawarwarin gyara, to a ciki kake. Gyara sa hannun, ka goge layukan saman, ka fara shi da alamar -- domin iyakar ta fito fili.

Kanun wasiƙa da ake rubutawa da manyan haruffa su ma sukan wuce da kuskure, saboda Ignore words in UPPERCASE yana kunne tun asali. Yana cikin Spelling and Autocorrect, cire alamarsa.

Sakin layin Hausa a tsakiyar saƙon Turanci zai cika da jan layi. Zaɓi wannan sakin layin kaɗai ka sa masa Do not check spelling or grammar, amma kada ka taɓa Set As Default. Sunaye irin su Ɗanjuma da Ƙaura Namoda, danna dama ka zaɓi Add to Dictionary. A wurin kwamfuta Ɗanjuma da Danjuma kalmomi biyu ne, sai ka saka wanda kake amfani da shi. Idan ka saka kalma mai kuskure, koma Spelling and Autocorrect, ka shiga Custom Dictionaries, sai Edit Word List, ka goge ta. Idan Add to Dictionary ya dushe ba ya dannuwa, a nan ɗin dai za ka tabbatar akwai alama a gaban ƙamusun kuma harshensa yana kan All Languages. Fayilolin ƙamusun suna cikin %AppData%\Microsoft\UProof (rubuta wannan a wurin adireshi na File Explorer), ka kwafe su kafin canza kwamfuta.

Idan duk wannan bai yi ba, rufe Outlook, ka danna madannin Windows da R, ka rubuta outlook.exe /safe. In dubawa ta dawo, wata ƙaramar manhaja da aka liƙa masa ce ke hana ruwa gudu. Je File, Options, Add-ins, ka kashe su ɗaya bayan ɗaya kana gwadawa. In ba ta dawo ba, rufe shi, ka shiga %AppData%\Microsoft\Templates ka canza wa NormalEmail.dotm suna. Outlook zai ƙirƙiro sabo, amma guntayen rubutun da ka ajiye a Quick Parts suna cikin tsohon, don haka kada ka goge shi.

Tun daga Office 2007, Outlook yana dogara da Word wajen jan layi yayin rubutu. Idan babu Word a kwamfutar, ko Outlook na 2016 ne Word na 2010, F7 zai yi aiki amma jan layi ba zai fito ba sai an daidaita su. Idan zubinsu ɗaya ne, shiga Control Panel, Programs and Features, ka zaɓi Office, ka danna Change. Fara da Quick Repair, wanda ba ya buƙatar intanet. Online Repair yana sake sauke Office ne gaba ɗaya, sai ka bari sai kana da isasshiyar data da wutar da ba za ta yanke a tsakiya ba.