Kurakuran da ɗaliban zane da hidimar ikilisiya suke ta maimaitawa

Duk zangon karatu ɗalibai sukan kawo mini ayyukansu in duba, waɗanda suka haɗa karatun zane da tsara hoto da horon hidimar ikilisiya a jami'a. Fuskoki ne kawai suke canzawa, kurakuran su ne dai na bara. Bakina ya gaji da faɗa wa mutum ɗaya ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Zan fara da wanda ya ƙona ni. A shekarata ta ƙarshe aka ba ni tsara ɗan littafin taron matasa, kuma shi na gabatar a matsayin aikin kammala karatu. A bangon na rubuta "Yesu, Ɗan Allah" da wani salon harufa da na yi kwanaki ina nema. Saura kwana biyu taro, na kai wa maɗaba'a fayil ɗin yadda na tsara shi a manhajar tsara littafi ta InDesign, ban mai da shi PDF ba, ban kuma nemi a fitar mini da gwaji ba. Kwamfutarsu ba ta da wannan salon harufa, sai ta sauya shi da wani wanda bai san harufanmu masu lanƙwasa ba. Duk inda ɗ, ƙ ko ɓ suke, sai ɗan akwati ya fito. Yaron da ke aikin ya ga abin ba kyan gani, ya bi ya share akwatunan ya sa d, k da b. Da na kwance ɗaurin farko na ga "Yesu, Dan Allah", jikina ya mutu. Shaidar bangaskiya ta koma roƙo. Faston da ya ba ni aikin ya daɗe yana kallon bangon, sannan ya ce, "Ɗana, ka karanta wannan kafin a buga?" Na ce, "Baba, a kwamfuta na karanta." Sai da aka sake buga bangon gaba ɗaya, makina kuma ya faɗi, kuma laifin nawa ne ba na yaron ba.

Tun daga ranar, kafin in so wani salon harufa sai na buga ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a cikinsa, manya da ƙanana. In ɗaya ya ɓace, na bar shi komai kyansa. Salon harufan Charis SIL da Andika na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL, da Noto na Google, duk suna da su. Ba na kai wa maɗaba'a komai sai PDF wanda harufan suke ƙunshe a cikinsa, kuma ba na yarda a kunna inji sai na riƙe gwajin takarda a hannuna, na bi shi da yatsa layi layi, na sa hannu. Wasu abokan aikina suna ganin hoton gwaji a waya ya isa. Ni bai ishe ni ba.

Gwajin nan shi ne kuma zai nuna maka abin da launi zai yi maka. Allon kwamfuta da haske yake aiki, ja da kore da shuɗi, abin da ake kira RGB. Injin bugu kuwa tawada huɗu yake haɗawa, wato CMYK, kuma akwai launukan da haske ke iya yi tawada ba ta iyawa. Shuɗin nan mai ƙyalli da ɗalibai suke son sa wa sama a fastar taro, sau da yawa yakan fito ya yi duhu ya karkata zuwa shunayya. Ka duba aikinka a CMYK tun da wuri, hotuna su kai ɗigo 300 a inci a girman da za a buga su, ka bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙar yanka ba ta faɗa daidai kan layi kullum.

Kuskure na biyu ya fi wancan yi mini ciwo, domin ba maɗaba'ar da za ta gyara shi. Ɗalibi zai gama zane, ya ga wani wuri ba kowa, sai ya je intanet ya nemo aya ya cike gurbin. Wata ɗaliba ta taɓa kawo mini kalanda mai kyau ƙwarai, a ƙasanta ta sa Ayuba 22:21 da manyan harufa kamar alkawari ne daga bakin Allah. Na tambaye ta wa ya faɗi maganar, ta yi shiru. Elifaz ne, ɗaya daga cikin abokan Ayuba, yana cikin zargin Ayuba da laifin da bai yi ba, kuma a Ayuba 42:7 Ubangiji ya ce ya husata da Elifaz da abokansa biyu saboda ba su faɗi gaskiya a kansa ba. Haba! Da safe kuna zaune a ajin fassarar Littafi Mai Tsarki ana koya muku ku duba mai magana, da wanda ake wa maganar, da abin da ya zo kafin ayar da bayanta. Da yamma ku zauna gaban kwamfuta ku ajiye duk wannan a bakin ƙofa? Wa'azi yakan wuce cikin awa ɗaya, amma kalanda shekara guda take yi a bango, yara suna haddace abin da ke jikinta. Ni dai ba na sa aya a zane sai na karanta surar daga farko zuwa ƙarshe, na kuma rubuta fassarar da na ɗauko ta a ciki.

Kada kuma wani ya sake ce mini, "Ai aikin Allah ne, Malam, zuciya ake dubawa," alhali rubutunsa ya karkace. Ku buɗe Fitowa 31. Da za a yi alfarwa ta sujada, Allah ya kira Bezalel da sunansa, ya cika shi da Ruhunsa, ya ba shi gwanintar aikin zinariya da azurfa da tagulla, da sassaƙar itace da duwatsu. Gwanintar tana cikin baiwar. Haka wanda ya ce shi zane ya kawo shi, darasin tauhidi cikon maki ne, shi ma ya ɓata. Ka zaɓi biyu, ka ɗauki nauyin biyu.

Gudun ajin zane da fensir saboda an iya manhaja shi ma yana nan. Makarantar zane ta Bauhaus da Walter Gropius ya kafa a Weimar ta ƙasar Jamus a 1919, a zamaninta ba ta barin ɗalibi ya shiga ɗakin sana'a sai ya yi darasin share fage kan launi da siffa da kayan aiki. Manhajar da ka iya yau za ta canza, idon da ka horar ba zai tafi ba.

Sauran ƙanana ne. Salon harufa biyu sun isa fasta ɗaya. Kada ka ja hoton mai wa'azi ta gefe ɗaya har fuskarsa ta yi faɗi. Tambarin ikilisiya a manhajar Illustrator ake yin sa don ya girma ba tare da ya fashe ba, ba a Photoshop ba. Hoton da ka gani a intanet yana da mai shi, ka duba lasisinsa ko ka ɗauki naka. Ranar da malamai za su soki ayyuka a aji, ka zo da naka ko bai ƙare ba. Ka ajiye fayil ɗinka wuri biyu duk dare, kuma kafin ka tura fasta, ka ba wani wanda bai san taron ba ya karanta maka rana da lokaci da wurin da ƙarfi.