Kurakuran da masu yawon biranen Bahar Rum suka fi yi, daga biza har kan faranti

Kuskuren farko tun a gida ake yin sa: mutum ya jera Giranada, Barsalona, Rum, Benis, Atina da Istanbul a cikin kwana goma. Rabin kwanakin a filin jirgi da jan akwati za su ƙare. Tsohon birni da ƙafa ake sanin sa, lungu-lungu, shi ya sa birni uku a mako biyu sun fi shida albarka.

Biza ma tana kayar da mutane. Ta Shengen, wato bizar bai-ɗaya ta ƙasashen Turai da dama, tana ba ka kwana 90 a cikin 180, kuma ana neman ta ne a ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa. Sifaniya da Italiya da Girka suna cikin tsarin, amma Turkiyya da Tunisiya da Masar kowacce da nata. Kilishi da dambun nama kuwa a bar su a gida, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko kayan madara.

Sai mai cewa, "Ni da na saba da zafin Sakkwato?" Zafin da aka saba da shi ana zaune a inuwa daban yake da na hawan tudu a kan dutse da tsakar rana. A Agustan 2021 an auna digiri 48.8 a tsibirin Sisili, a Yulin 2023 kuma sai da hukumomin Girka suka riƙa rufe Akurofolis, tudun tsofaffin gine-ginen tarihi na Atina, da rana. Afrilu da Mayu, ko ƙarshen Satumba da Oktoba, su ne lokacin zuwa.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne na Alhamra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi da ke Giranada a Sifaniya. Mutum ya yi tattaki har Giranada, birnin ƙarshe na Musulmin Andalus da ya faɗi a 1492, a ce masa tikiti ya ƙare. Ana sayen sa ta intanet tun da saura makonni, da sunanka a kai, kuma akwai sa'ar da aka rubuta ta shiga fadojin Banu Nasr, gidan sarautar ƙarshe na birnin. Ka makara, shi ke nan. Ka riƙe fasfo ɗinka. A Kurɗuba kuma, masallacin da Abdurrahman na ɗaya ya fara ginawa wajen 785 ya zama coci tun 1236, masu gadi ba sa barin a yi salla a ciki. Zuciya za ta sosu, amma jayayya da mai gadi ba ta gyara komai. A Giranada akwai masallacin Juma'a a unguwar Albaisin da aka buɗe a 2003, farfajiyarsa tana kallon Alhamra kai tsaye.

Abinci ne inda aka fi zamewa, domin cewa "ba na cin alade" kaɗai ba ya wadatarwa. A Sifaniya ana barbaɗa busasshen naman alade, jamón, a kan abin da ba ka zata ba, har da salmorejo, miyar tumatir mai sanyi ta Kurɗuba, kuma mai kawo abinci ba lallai ya lissafa shi a matsayin nama ba. A Italiya taliyar carbonara da kumatun alade ake yin ta. Kitsensa, wanda suke kira strutto, yana shiga wasu burodi da kayan zaƙi, har ɓawon cannoli, wani kayan zaƙi na Sisili, a girkin gargajiya. Risotto, dafaffiyar shinkafarsu, galibi da farar giya ake fara shi, kayan zaƙin da suke kira tiramisu ma sau da yawa akwai giya a ciki. Gyaran shi ne ka rubuta kalmomin nan a waya: cerdo (alade), jamón da manteca (kitse) a Sifaniya, maiale (alade), strutto da vino (giya) a Italiya. Ka nuna su kafin ka yi oda. A Turkiyya kuma a kula da raki, giya ce da take yin fari fat in an zuba mata ruwa, ba ayran ba ce, wato tsinkakken nono mai gishiri.

Tsoron wannan ne ke sa wasu su ƙare tafiyar gaba ɗaya a shagon shawarma, kuma asara ce babba. Ga kifin sadin da ake gasawa a tsinke a bakin tekun Malaga. Ga panelle na Falarmo a Sisili, soyayyen ƙullun wake mai kama da ƙosai, a sa shi cikin burodi. Ga kuskus da kifi a Tarafani, gadon zaman Larabawa a Sisili, da burodi da kifi a bakin gadar Galata a Istanbul. Sai dai a nisanci gidan abincin da ke ƙofar wurin tarihi, mai yaro a waje yana kiran mutane. Ka shiga lungu biyu ko uku ka ga inda 'yan gari suke zama. A Italiya ana ƙara kuɗin zama da ake kira coperto, kifi kuma wani lokaci farashin giram 100 ne aka rubuta, ba na faranti ba, don haka ka tambaya.

Agogonsu ma daban ne: a Sifaniya abincin rana daga ƙarfe biyu ne, na dare wajen tara, a watan Yuni kuma magariba tana wuce tara da rabi a Andalus. A Istanbul, Fadar Tofkafi ta sarakunan Daular Usmaniyya a rufe take ranar Talata, babbar kasuwar birnin kuma ranar Lahadi.

Da yawa kuma suna mantawa cewa tekun nan yana da gaɓar kudu. Wanda ya yi karatun Risala a zaure ya cancanci ya ga Kairawan ta Tunisiya, garin mawallafinta Ibn Abi Zaid, inda Uƙbatu bin Nafi'u ya kafa masallaci a 670. Daga Tunis tafiyar kilomita kusan 160 ce, kuma motocin haya da suke kira louage suna zuwa kullum. A kasuwar garin ake soya makrud, alkama da dabino a ciki, a tsoma a zuma, a auna maka da kilo tun yana da ɗumi.