Yadda ake shirya tafiya hutu zuwa tsibiran Maldibs

Maldibs ƙasa ce ta tsibirai kusan 1,200 a Tekun Indiya, kudu maso yammacin Sri Lanka, kuma kusan 200 ne kawai ke da mutane. Musulunci ya kafu a can tun 1153, har Ibn Battuta ya taɓa yin alƙalanci a Male, babban birninsu. Ga mai iyali, wannan ya ɗauke maka damuwar nama da ta wurin sallah. Sai dai shirin yana da jerinsa, wanda ya fara da tikiti kan sha wuya.

Fara da zaɓen tsibiri. Masauki iri biyu ne. Akwai tsibirin da otal guda ya mallake gaba ɗaya, irin ɗakunan nan da ke tsaye a kan ruwa. Kyau kam akwai, amma duk abin da za ka saya a wurinsu ne, da tsada, kuma a nan ake sayar da giya. Akwai kuma tsibiran 'yan ƙasa, inda tun 2009 aka halatta buɗe ƙananan masaukai. A ganina nan ya fi dacewa da mu. Za ka ji kiran sallah daga ɗakinka, ka ga shaguna sun rufe lokacin sallah, da safe a kawo maka mas huni, wato kifin tuna da aka cuɗa da kwakwa, albasa da barkono, ka ci da roshi mai kama da gurasa. Maafushi tana kusa da Male kuma ta fi cunkoso. Dhigurah tana da nisa, amma a yankinta ake ganin manyan kifayen nan masu ɗigo-ɗigo a baya, waɗanda ake kira whale shark da Turanci.

Sai lokaci. Daga Disamba zuwa Afrilu sama garau, teku a kwance, farashi kuwa a sama. Daga Mayu zuwa Nuwamba damina ce da iska, kuɗin ɗakuna na sauka.

Na uku shi ne inda mutane suka fi tuntuɓe: yadda za ka isa tsibirin bayan ka sauka a filin jirgin Velana. Kwale-kwalen haya na gwamnati ya fi araha nesa ba kusa ba, amma a hankali yake tafiya, ba kullum yake zuwa kowane tsibiri ba, kuma ba ya aiki ranar Juma'a. Kwale-kwale mai gudu ya fi shi tsada. Ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa kuwa da rana kawai yake tashi, kuɗinsa ma kan iya zarce na kwanan ɗaki. Saboda haka ka rubuta wa masaukin, su faɗa maka ƙarfe nawa jirgin ruwa na ƙarshe ke tashi da nawa ne kuɗin mutum ɗaya. Sai ka ji amsarsu sannan ka yanki tikiti, ta Doha ko Dubai ko Istanbul, ka zaɓi wanda zai sauke ka da safe. Idan dole sai dare, kama ɗaki a Hulhumale, gefen filin jirgin, ka wuce washegari.

Yanzu takardu. Biza kyauta ce ta kwana 30, a filin jirgi ake bugawa. Za a nemi fasfo, tikitin dawowa da shaidar ka kama masauki. Ka buga su a takarda, kada ka dogara da waya. Cika fom ɗin bayanan matafiyi a IMUGA, shafin intanet na hukumar shige da ficen ƙasar, cikin awa 96 kafin isarka. Ba a biyan ko sisi, don haka duk shafin da ya nemi kuɗi ka guje shi. Wanda ya taso daga Najeriya ko Nijar sai ya riƙe katin rigakafin shawara, kuma allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10.

Wajen lissafi, farashin da ka gani a intanet ba lalle shi ne na ƙarshe ba. Akwai kashi 10 na hidima, kashi 17 na harajin yawon buɗe ido, da harajin muhalli da ake biya a kan kowane mutum kowane dare. Ka ce a turo maka jimla. Ka tafi da dala sababbi, don sukan ƙi tsohuwa ko mai yagewa, ka canza kaɗan zuwa rufiya, kuɗin ƙasar, saboda shayi da kuɗin kwale-kwale. Wasu ƙananan tsibiran ba su da na'urar cirar kuɗi.

Kafin dawowa ka ware wa Male yini guda. Hukuru Miskiy, masallacin Juma'a da aka gina da dutsen murjani a ƙarni na 17, yana nan da sassaƙarsa, kasuwar kifi kuma tafiyar ƙafa ce daga wurin. Kwana a nan ko a Hulhumale daren ƙarshe, domin idan teku ta tashi kwale-kwale kan fasa tafiya, jirginka kuwa ba zai jira ka ba.