Yadda Ake Karin Kumallo Mai Riƙe Ciki a Kano

Duk wanda zai fita Kantin Kwari ko makaranta da sassafe, ya kamata ya karya da abin da zai riƙe shi har azahar. Koko da ƙosai sun dace, domin gero yana ba da ƙarfi, wake kuma yana gina jiki, shi ya sa mutanen Masar ma suke karyawa da dafaffen wake. Sai dai a rage sukari, kuma a bar man ƙosan ya tsane a kwando. Idan ɗumame ne, a tafasa miyar sosai, tuwon kuma ya turara har tsakiyar malmala. A ganina, shayi da biredi kaɗai ba sa kai mutum ƙarfe 11 sai an haɗa da ƙwai.