Yadda Ake Haɗa Samfurin Jirgin Rakiya na Ajin Flower

A Yaƙin Duniya na Biyu, ƙananan jiragen yaƙi na ajin Flower ne suka riƙa raka ayarin jiragen kaya a Tekun Atilantika, daga Halifax ta Kanada zuwa Liverpool ta Ingila, wasu kuma daga Firitawun ta Saliyo, don kare su daga jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus. Tsawon kowanne mita 62 da ɗoriya, kuma daga jirgin farautar manyan kifaye aka ɗauko fasalinsa. Kamfanin Revell ya fitar da samfurin roba na HMCS Snowberry, ɗaya daga cikin jiragen nan: sikelin 1:72 ya kai kusan santimita 85, na 1:144 kuwa rabin haka. Sabon shiga ya ɗauki ƙaramin, babban sai mai haƙuri da babban tebur.

Kafin ka buɗe gam, tsai da shekarar da kake so samfurin ya kwaikwaya. Nan ne mutane suka fi yin kwaɓa. Jiragen farko-farko gajeren bene ne a goshinsu, ruwa yana jiƙa ma'aikata sharkaf, shi ya sa daga baya aka tsawaita benen, aka ƙara rada da makamai. Nemi hoton jirginka na shekara ɗaya, ka bi shi. HMCS Sackville, wanda shi kaɗai ya rage a cikin jiragen ajin, yana Halifax, kuma hotunansa sun wadata a intanet.

Wanke robar da ruwan sabulu, ta bushe. Yanke kowane yanki da reza, ka goge bakin da samfefa, ka gwada zamansa kafin ka sa gam. Haɗa gangar jikin, ɗaure da salatif ta kwana. Gam kaɗan a bakin tsinken sakace ya isa.

Yi wa bene da ɗakin tuƙi fenti tun ba a ɗora igwa da bama-baman ruwa ba, in ba haka ba buroshi ba zai shiga lungu ba. Launin da aka fi sani fari ne da shuɗi-shuɗi da kore-kore.

Tsatsa kuwa, ni a ganina ita ce ran aikin, don jiragen nan sun sha gishirin teku. Tsarma fenti ruwan ƙasa sosai, ka ja siraran layuka ƙasa daga ramin anga da magudanan ruwa. In ya yi yawa, share da auduga tun bai bushe ba.

Igiyoyi su ne na ƙarshe, da baƙin zare siriri. In lokacin hunturu ne, rufe aikin da kwali tsakanin shafin fenti da na gaba, ƙura tana manne wa ɗanyen fenti.